HAƘƘIN MAI GIDA DA NA ƊAN HAYA

'Yan uwa matasa, da yawanku kuna shirin aure, kuna neman ɗakin haya. To, a saurara.

Kafin ka biya ko sisi, tambayi mai gida: akwai tsohon bashin wuta a gidan nan? Tun zamanin NEPA har zuwa kamfanonin da suka karɓi rabon wuta a 2013, in ma'aikaci ya hau falwaya, gida yake yanke wa, ba ruwansa da wanda ya ci bashin.

Ƙa'idar a fili take. Abin da ya shafi gini, kamar yoyon rufi ko rushewar masai, na mai gida ne. Abin da kuka yi amfani da shi, wato wuta da ruwa da kwashe shara, naku ne.

Sannan ku yi adalci a tsakaninku. Alal misali, bil ya zo N12,000, ɗaki shida. Yanzu mai ƙwai ɗaya da fanka ya biya N2,000 daidai da mai firji da dutsen guga? Wannan zalunci ne! A ƙirga kayan kowa.

A rubuta yarjejeniya, a kafa shaidu. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.