Jerin Dubawa: Yadda Ake Tsara Takardar Binciken Ƙananan Jiragen Sama



Ran 30 ga Oktoba, 1935, a filin jirgin sama na Wright da ke jihar Ohio ta Amurka, wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing, mai inji huɗu, ya tashi don gwaji a gaban hafsoshin soja. Bai yi nisa ba sai ya miƙe hanci sama, ya faɗo, ya kama wuta, mutum biyu suka rasa rayukansu. Da aka bincika, babu abin da ya sami injinan. Mantawa aka yi ba a cire makullin da ke riƙe filafilan wutsiya ba, wanda akan sa wa jirgi in yana ajiye don kada iska ta riƙa kaɗa su. Matuƙin kuwa, Manjo Ployer Hill, gwani ne wajen gwada jirage. Daga wannan hatsari ne matuƙa suka ɗauki al'adar jera abubuwan da za a duba a takarda, ana karantawa ana aikatawa, kuma irin wannan takarda ce makanikai ke riƙewa in suna binciken jirgi.

Manyan kamfanoni suna da ofis sukutum na wannan aiki. Ƙaramin jirgi kuwa, irin su Cessna 172 mai kujera huɗu, wanda aka fara sayarwa a 1956, sau da yawa daga mai shi sai injiniya ɗaya. In injiniyan ya tsallake abu, babu na biyu da zai gani. A kan irin waɗannan ƙananan jirage ne ake koyon tuƙi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, saboda haka maganar ba ta nesa ba ce.

Tushen takardar na farko shi ne littafin kamfanin da ya ƙera jirgin, tare da gyare-gyaren da ake turowa daga baya. Na biyu dokar ƙasa. A Amurka, misali, doka ta ce a yi cikakken bincike duk wata 12, jirgin haya kuma duk bayan tafiyar awa 100, kuma dole mai binciken ya yi aiki da jerin dubawa. An yarda ya tsara nasa da kansa, muddin bai bar komai ba cikin abin da dokar ta lissafa.

Tushe na uku shi ne wanda aka fi sakaci da shi, watau wurin da jirgin yake zaune. Wanda ya rubuta littafin Cessna a Kansas bai san hunturun Kano ba. In ƙura ta sauko, matacin iskar inji kan toshe tun wa'adin da ke littafi bai cika ba, don haka sai a matso da lokacin duba shi. Da damina ruwa kan shiga tanki ta murfin da robarsa ta tsufa. Man waɗannan jirage shuɗi ake rina shi, ruwa kuma ya fi shi nauyi, sai ya kwanta a ƙasa. Dole a tsiyayo kaɗan a kofi mai garai-garai daga gindin kowane tanki a duba. Sa'an nan ga zanzaro, wanda ba ya ganin rami bai cika shi da laka ba. A ƙarƙashin fiffike akwai ɗan bututun da ke auna saurin jirgi, kuma bakinsa daidai yake da abin da zanzaro ke nema. Ran 6 ga Fabrairu, 1996, wani Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka mutu. Masu bincike sun gano cewa irin wannan bututu ne ya toshe, sun kuma fi zargin gidan zanzaro, domin jirgin ya yi kwanaki a ajiye ba a rufe shi ba.

Sai yadda ake rubuta layukan. Layin da ya ce "a duba inji" ba shi da amfani, gama wanda ya ɗaga murfi ya leƙa ma ya duba. Layi na gari aiki ɗaya yake faɗa, da ma'auninsa: a auna matsin kowace silinda, a rubuta lambar, a yanka matacin baƙin mai a nemi ɓurɓushin ƙarfe, a bi bakin farfela da yatsa ko tsakuwa ta sare shi. Lambar da aka rubuta bana ita za a gwada da ta baɗi, a gane silindar da ta fara gajiya. Jerin kuma ya bi jikin jirgin, daga hanci zuwa fiffike, zuwa wutsiya, a zagayo, yadda ƙafar makaniki za ta bi takardar ba tare da kai da komowa ba.

Akwai ɗabi'ar da ma'aikatan ofis ma suka sani, ta a gama aiki sa'an nan a zauna a tebur a bi akwatuna da biro. A rumfar jirgi wannan shaidar zur ce. Kowane layi a sa masa hannu a gindin jirgin, nan take bayan an yi shi. In an kira makaniki, ko lokacin salla ya yi yana tsakiyar ɗaure noti, ya rataya alama a wurin, in ya dawo ya koma layi biyu ko uku baya ya sake. Layi na ƙarshe kuwa na ƙidayar kayan aiki ne: sifana nawa aka fito da su, nawa suka koma akwati, kafin a rufe murfin inji.