Garin Dutse a Cikin Narkakkiyar Roba: Darasi Daga Buhun Hatsi na Ƙasar Maska

Duk wanda ya san ƙasar Maska ya san cewa masara da dawa da waken suya ba sa barin gona sai a cikin buhu. A da buhun algarara ake amfani da shi. Tun daga zamanin Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka soma a 1975 da taimakon Bankin Duniya, takin zamani ya yawaita, sannu a hankali farin buhun roba ya kori algarara daga kasuwanni irin ta Dandume. Makasudin wannan lacca shi ne bayyana abin da ke faruwa a cikin injin da ke yin zaren wannan buhu.

Robar da ake saƙa shi da ita sunanta polifirofilin. Giulio Natta, masanin kimiyya na ƙasar Italiya, shi ya gano hanyar haɗa ta a 1954, aka fara yin ta don sayarwa a 1957. Tana narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 165. Masu masana'anta kan gauraya ta da garin dutse, watau alli, ko talki wanda ake hodar jarirai da shi, ko farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara. Dalilin farko dai araha ne. Amma ɗan alli kaɗan yana da amfani na gaskiya, domin yana hana zaren tsagewa a tsaye.

To, yaya garin ke sauya gudun robar? Ana auna wannan da wata na'ura mai sauƙi. Ana narka robar a zafin digiri 230, a ɗora mata nauyin kilo 2.16, a auna giram nawa ya tsiyayo ta wata 'yar kafa cikin minti 10. Robar zaren buhu takan ba da giram 2 zuwa 4; ta bokiti da kujera ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Idan aka ƙara gari, yawanci gudun sai ya ragu, kamar yadda kunu ke yin kauri in an ƙara masa ƙullu. Tun a 1906 Albert Einstein ya nuna da lissafi cewa kaurin ruwa yana ƙaruwa gwargwadon filin da ƙwayoyin da ke cikinsa suka mamaye.

A nan ne mai auna kan ruɗu. Alli ya ninka robar nauyi sau uku, saboda haka kashi 20 cikin 100 na nauyi bai wuce wajen kashi 8 na girma ba. Na'urar kuwa giram take ƙidayawa. Narkakkiyar roba mai alli tana iya yin kauri sosai amma adadin ya nuna ragi kaɗan, don abin da ya tsiyayo ya fi nauyi. Har ila yau, na'urar tana tura robar a hankali ne, alhali a cikin injin masana'anta da ƙarfi ake tura ta, kuma ɗabi'ar wannan roba ce ta saki jiki in an matsa mata. Adadi guda ɗaya bai isa a yanke hukunci da shi ba.

Siffar ƙwayoyin ma abin lura ce. Na alli dunƙulallu ne, na talki da farar ƙasa kuwa falle-falle suke, sun fi tare hanya. Gari mai laushi ƙwarai yakan cure ya yi gudaji, sai an lulluɓe ƙwayoyinsa da wani sinadari mai maiƙo. In kuma da laima a cikinsa, tururi zai bar kumfa a jikin zaren, ya riƙa tsinkewa wajen miƙarwa.

Mai masana'antar da ya cika alli fiye da kima yana da dabarar ɓoye kaurin: ya ƙara wa injin zafi. Robar za ta gudana kuwa, amma zafin yana karya dogayen sarƙoƙin da ƙarfinta ya dogara a kansu. Buhun zai fito fari tas, da nauyi a hannu, mai saye ya zaci na kirki ne. Sai an ɗura masa masara kilo 100, ya sha ranar kaka a bakin gona, 'yan dako sun jefa shi cikin mota, sannan ya fashe ta gefe. Asarar kuwa tana kan manomi ko ɗan kasuwa, domin ba wanda ke rubuta yawan allin a jikin buhu.