Waƙa Makarantar Talaka: Daga Gidan Wesley na Ingila Zuwa Ƙasar Gwandu

 

Da aka ji abin da zan yi magana a kai, wani dattijo ya tare ni a ƙofar zaure ya ce, "Malam, mu da ke zaune a inuwar hubbaren Malam Abdullahi na Gwandu, me ya haɗa mu da waƙoƙin majami'ar Turawa?" Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri har in gama." Ni Musulmi ne, aƙidar da ke cikin waɗancan waƙoƙi ba tawa ba ce. Amma na daɗe ina nazarinsu, kuma duk sa'ad da na duba su sai in hango wani abu namu da muke sake da shi. Wani lokaci sai ka leƙa gonar maƙwabci kake gane ciyawar da ta cinye taka.

A wani ƙauye na Ingila mai suna Epworth aka haifi John Wesley a 1703, da ƙanensa Charles a 1707. Mahaifinsu limamin cocin Ingila ne, mahaifiyarsu Susanna kuwa ita ta fara karantar da su a gida. A jami'ar Oxford, wajen 1729, suka kafa wata 'yar ƙungiya ta ɗalibai masu tsare lokacin addu'a da azumi da ziyarar fursunoni. Saboda yadda suka tsara komai bisa ƙa'ida sai sauran ɗalibai suka laƙaba musu suna na tsokana, Metodis, wato masu bin tsari. Sunan ya bi su har yau.

A wancan zamani, a mafi yawan majami'un Ingila, Zabura kawai ake rerawa, an mai da ita baitoci. Wani ya karanta ɗango, jama'a su maimaita a hankali. Isaac Watts ne ya fara buɗe ƙofar tsara sababbin waƙoƙi, sannan 'yan gidan Wesley suka bankaɗe ta. Abin ya samo asali a cikin jirgin ruwa. A ƙarshen 1735 suka tashi zuwa Jojiya ta Amurka, guguwa ta taso musu a tsakiyar teku, Turawan Ingila suna kururuwa, amma wasu Jamusawa 'yan ɗariƙar Morabiya, har da matansu da 'ya'yansu, suka ci gaba da rera waƙarsu ta ibada. John ya ji kunyar tsoron da ya kama shi. Ya koyi Jamusanci, ya fassara waƙoƙinsu, ya buga ƙaramin littafin waƙoƙi a Charleston a 1737. A watan Mayu na 1738 a Landan, Charles ranar 21, John ranar 24, kowannensu ya sami abin da suka kira tabbacin gafara a zuciya. Daga nan bakin Charles ya buɗe. Kafin ya rasu a 1788 ya bar waƙoƙi fiye da 6,000.

Su wa ya yi wa wannan tulin waƙa? Nan ne maganar take. A 1739 abokinsu George Whitefield ya jawo John zuwa wa'azi a fili, a wajen garin Bristol, ga masu haƙar gawayin ƙasa na Kingswood. Mutane ne da majami'a ta manta da su, yawancinsu ba su iya karatu ba. Whitefield ya ba da labarin yadda hawaye ke yin farin layi a kumatunsu da suka yi baƙi da gawayi. Mutumin da ya wuni a rami, ka ba shi littafin tauhidi, me zai yi da shi? Wa'azi kuwa yana ƙarewa da tashin mai wa'azi. Baiti ne kaɗai zai bi shi gida, ya shiga rami tare da shi, matarsa ta ɗauka a bakin murhu, yaro ya tsinta a bakin uwa. Charles ya riƙa tsinko ayoyin Littafi Mai Tsarki yana saƙa su, har ya zama da wuya ka sami ɗango guda da ba ya nuni ga wata aya. Wanda ya haddace waƙa goma ya sha karatu mai yawa bai sani ba.

Ma'anar waƙoƙinsa tana yawo ne a kan abu uku. Na farko, cewa ƙofar alherin Allah a buɗe take ga kowa, domin a lokacin akwai masu koyar da cewa an riga an ware waɗanda za su tsira, saura kuwa babu rabonsu. Charles ya cika waƙoƙinsa da kalmar "duka" don ya rushe wannan. Na biyu, cewa bawa yana iya jin tabbacin gafara a ransa, shi ya sa waƙoƙin ke magana da bakin mutum ɗaya, ni, zunubina, zuciyata. Na uku, cewa tuba mafarin tafiya ce, sai an ci gaba da tsarkake zuciya har ƙauna ta cika ta. Littafin da John ya tattara a 1780, mai waƙoƙi 525, a kan wannan tafiya ya jera shi: kiran mai zunubi, makokin mai tuba, murnar wanda ya samu, addu'arsa, wahalarsa, aikinsa, har taron jama'a da rabuwarsu. Tun a 1761 ya rubuta wa mabiyansa ladubban rerawa. Kowa ya sa baki, a rera da kuzari, kada wani ya ɗaga murya ya danne 'yan uwa, kada a ja ta kamar masu gyangyaɗi, kuma a nufi Allah da kowace kalma.

Akwai waƙa guda da nake so ku san labarinta, wadda ake kira Kokawar Yakubu, ta 1742. Ƙissa ce daga littafin Farawa na Kirista, inda Yakubu ya kwana yana kokawa da wani baƙo har asuba. Charles ya sa mai rerawa a matsayin Yakubu, yana riƙe da baƙon, ya ƙi saki sai ya san sunansa. Makonni biyu bayan rasuwar Charles, John, yana tsoho mai shekara 84, ya tashi a garin Bolton zai karanta wa jama'a ita. Da ya iso inda ake maganar wanda abokan tafiya suka wuce suka bar shi shi kaɗai, sai ya rufe fuska da hannu ya fashe da kuka.

Ku riƙe wannan shekara ta 1788. A daidai wannan lokaci Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, yana yawon wa'azi tsakanin Gobir da Zamfara da Kabi, ƙanensa Abdullahi yana biye da shi. Babu wanda ya san da wani tsakaninsu da mutanen Ingila. Amma matsalar da ke gabansu iri ɗaya ce: makiyayi a ruga, manomi a ƙauye, mace a cikin gida, ba su jin Larabci, malaman fada kuwa ba su damu da su ba. Shehu ya rubuta littattafai da Larabci don malamai, ya tsara waƙoƙi da Fulatanci don jama'a, aka kuma riƙa mayar da su Hausa. Farillan alwala, siffofin Allah, tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kwanciyar kabari, tsayuwar hisabi, duk aka zuba su a baiti da ajami.

Malam Abdullahi kuwa, Allah ya jiƙansa, mutum ne da waƙa ke zuwa masa kamar numfashi. Da wani malami, Mustafa Goni, ya aiko da baitoci yana zargin Shehu da tara maza da mata a wurin wa'azi, Shehu ya ce Abdullahi ya amsa, ya kuwa amsa da baitoci, yana nuna cewa barin mata cikin jahilci shi ne mafi muni. Nahawu ya mai da shi waƙa a Bahrul Muhiɗ, sarfu a Hisnur Rasin, ilimin tafsiri a Miftahut Tafsir. A Tazyinul Waraƙat ya tattara ƙasidunsa tare da dalilin kowace. A ciki akwai murnar nasarar yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, akwai makokin abokansa da suka yi shahada, akwai kuma zafin ransa da ya ga wasu sun koma neman mulki da dawaki da tufafi, har ya bar runduna ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsare shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Duk wanda ya karanta makokin nan zai gane kukan da tsohon nan ya yi a Bolton. A wannan ƙasa tamu Malam Abdullahi ya zauna, a Gwandu ya rasu a 1829.

Wadda ta kai abin maƙura ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, ɗan uwanta Isa ya yi mata tahamisi, kuma gargaɗi ce ga masu mulki a kan zalunci. Ta jera sunayen surorin Alƙur'ani a 'yan baitoci don a haddace. Sannan ta kafa 'Yan Taru. Ta naɗa jajoji, dattijan mata, ta ba kowace malafa, su taho daga ƙauyuka da 'yan mata da tsofaffi, su karɓi waƙa a bakinta, su koma su koyar. Makaranta ce da ba ta da gini, ba ta da allo, amma ta kai inda malami namiji ba ya shiga.

Akwai wani sirri da ya sa namu suka zauna daram a harshe. Hausa, kamar Larabci, tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, don haka karin basiɗ da kamil da wafir da rajaz suka shige ta kamar an auna. Waƙar Ingilishi kuwa ƙirga gaɓoɓi take yi, misali takwas, shida, takwas, shida, kowace murya mai wannan awo ta hau. Waƙoƙin Wesley sun iso gaɓar Afirka ta Yamma ta Saliyo da Gana, suka shigo ƙasar nan sa'ad da Thomas Birch Freeman ya sauka Badagry a Satumba 1842, kuma sun wuce 'yan Metodis, kusan kowace ɗariƙar Kirista ta ara. Da mishan suka zo Arewa suka fassara waƙoƙin Ingilishi cikin Littafin Waƙoƙi, sai muryar Turai ta riƙa taka karin sautin Hausa, ta ja gajeren wasali, ta gajarta dogo. Na zauna ɗaki ɗaya da wani ɗan ƙasar Zuru lokacin muna ɗalibai, na ji yana rera su da asuba da dukan zuciyarsa. Amma ranar da ya kai ni na ji 'yan Zumuntar Mata suna rera nasu na kansu, da amshi da bugun tulu, na ce masa waɗannan su ne suka fahimci Charles Wesley, domin da harshen mutanensa ya yi musu magana.

Bambanci yana nan, kada in ɓoye. Su jama'a ce ke haɗa murya a tsakiyar ibada, daga baya har da kayan kiɗa. Mu ba a waƙa a salla, kuma Shehu da almajiransa sun yi kaffa-kaffa da kiɗa. Tamu ta zaure ce, da makarantar dare, da Mauludi inda ake raba dare da Ishiriniya da Burda, da bakin makafi masu yawo da Imfiraji ta Aliyu Namangi.

Amma ga abin da ke ci mini rai. Mutanen Wesley sun buga littafinsu da araha, suna rera shi kowace Lahadi, shi ya sa waƙar da ta haura shekara 280 tana bakin yaro a Legas yau. Mu fa? Namu suna cikin gafaka, gara tana ci, ko a kundin digiri a ɗakin karatu na jami'a. Takarda tana riƙe kalmomi, ba ta riƙe murya. Kakata takan rera wata doguwar waƙar wa'azi tana niƙa, dutse yana ba ta kari. Na yi shekaru ina cewa zan zo da rikoda. Ta rasu ban zo ba. Daga baya na sami baitocin a wani rubutun ajami, na zauna da su a gabana, na kasa tuno yadda take hawa da sauka. Wannan rashi har yau yana damuna.

Saboda haka, Ranka ya daɗe Hakimi, ga roƙona. Jami'ar Tarayya tana nan a Kalgo, wata jami'ar kuma tana Aliero, kuma kusan kowane saurayi a zauren nan yana da waya mai ɗaukar murya. Kafin damina ta kama mu, kowane ɗalibi ya je wurin kakarsa ko tsohuwar unguwarsu, ya gaishe ta da ladabi, ya roƙe ta ta rera abin da ta haddace, ko da baiti biyar ne, ko da ta manta tsakiya. Kada ku gyara mata lafazi, ku bar Kabancinta yadda yake. Malamanmu masu karanta ajami su zauna su gwada da abin da ke gafakarsu. Malaman Islamiyya su ware rabin sa'a ranar Alhamis yara su rera tare, da muryar da aka ɗauko. Kuma in kun gama ɗauka, ku tambaye ta wa ya koya mata, da wanda ya koya wa wancan, ku rubuta sunayen a bayan takardar, kamar yadda Malam Abdullahi ya lissafa malamansa a Ida'un Nusukh.