A Kira Abu da Sunansa: Jawabi ga Matasan Galma

Iyaye, yayye da ƙanne, na gode da kuka bar aikin garka kuka zo. 'Yan Madawa, Buza da Keita, sannunku da hanya.

Yau kan kalmomi zan yi magana. Wani zai ce, yo mi ya haɗa kalma da cin hatsi? Ku saurara.

A shekarar 1996, nan cikin jiharmu ta Tawa, wajen Ƙonni, aka sayar da wata yarinya mai shekara 12, Hadijatu Mani, a kan jaka 240 na sefa. Wanda ya saye ta bai ce baiwa ya saya ba, cewa aka yi wahaya ce. Da ta samu takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai ya ce ai matarsa ce, har aka yanke mata ɗaurin wata shida kan wai ta yi aure bisa aure. Ƙungiyar Timidria ta tsaya mata. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta ce sunan abin nan bauta, ta ce ƙasa ta kasa kare ta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Alhali tun 2003 dokarmu ta mai da bauta laifi. Kun gani? Dokar tana nan, sunan gaskiya ne aka ɓoye.

To mi ya kawo Ingilishi? Tun watan Maris na 2025, kundin da ake tafiyar da ƙasa da shi ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya, da na hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul, da waɗannan harsuna ake rubuta su. Mu kam komai muka gani sai mu ce zalunci. Gaskiya ne, amma mai karanta ƙara zai tambaye ka: wane iri? Ga kalmomi huɗu, ku riƙe.

Ta ɗaya, unlawful: abin da ya saɓa doka. An tare ka a hanya da buhun albasa, an karɓi kuɗin da babu dokar da ta sa shi, babu takardar shaida. Nan aikinka shi ne ka nuna dokar da aka taka.

Ta biyu, excessive: wuce gona da iri. Mai iko yana da hurumin yin abin, amma ya zarce. An kama ɓarawon akuya, ya miƙa hannu, sannan aka yi masa dukan kawo wuƙa. Kamun daidai ne, dukan ne laifi. Kuma wannan, 'yan'uwa, har da mu idan muka taru kan ɓarawo a kasuwa.

Ta uku, arbitrary: na son rai, ganin dama. Wannan ta fi sauran zurfi. Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2014 cewa tsare mutum yana iya dacewa da dokar ƙasa amma ya zama na son rai, idan babu adalci ko ma'auni a cikinsa. Sashe na 6 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ya hana irin wannan tsarewa.

Ta huɗu, unjustified: marar hujja. Aka kore ka daga rumfarka, ka ce don mi, aka rasa amsa.

Amma ku yi hattara. Kalma kamar kibiya ce, in ta fita ba ta dawowa. Idan ka hau Facebook ka ce wane ya taka doka alhali wuce iyaka ya yi, ka ba shi ƙofar kuɓuta, kai kuma ana iya kai ka ƙara kan ɓata suna. Kowace ƙarya ɗaya tana rage darajar gaskiya goma da za mu faɗa gobe.

Don haka kafin ka rubuta, tambayi kanka: yaushe, a ina, wa ya gani, kuma wace kalma ce ta dace? Ka rubuta da Hausa tukuna, yadda kakarka za ta gane. In ta gane, juya shi zuwa wani harshe ba wuya.

Hadijatu ba ta yi jami'a ba, amma ta ƙi yarda da sunan da aka laƙaba wa wahalarta. Mu da muka yi karatu, mi za mu ce?

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya.