Zamba a Cinikin Cikin Manhaja: Gano Ta da Toshe Ta

Cinikin cikin manhaja shi ne sayayyar da mutum ke yi ba tare da ya fita daga manhajar da ke buɗe a wayarsa ko kwamfutarsa ba, kamar lu'ulu'un wasan Free Fire, ko sulallan TikTok da ake yi wa masu shirin kai-tsaye kyauta da su, ko kuɗin wata-wata na kallon fina-finai. Kamfanin Apple ya buɗe wannan ƙofa a kasuwarsa ta App Store a shekarar 2009, Google kuma ya bi sahu a watan Maris na 2011. Kowane ciniki yana da ɓangare uku: mai saye, mai manhaja, da kasuwar da ke tsakaninsu. Kasuwar kamar dillali take. Ita ke karɓar kuɗi, ta cire la'adarta, kashi 30 cikin ɗari bisa al'ada, ko kashi 15 ga ƙananan masu manhaja tun daga 2021, sannan ta miƙa saura.

Idan mai saye ya danna maɓalli, manhaja takan sanar da kasuwa, kasuwa ta ciri kuɗi daga katinsa na banki, ta ba da rasit mai ɗauke da hatimin lissafi wanda ita kaɗai ke iya bugawa. Manhaja ta duba rasit, ta saki kaya. Duk wata zamba a wannan fanni tana shiga ne ta ɗaya daga cikin waɗannan gaɓoɓi.

Ta farko ita ce rasit na jabu. A watan Yulin 2012 wani ɗan ƙasar Rasha mai suna Alexey Borodin ya kafa sabar, wato babbar kwamfutar da wayoyi ke magana da ita ta intanet, ya shirya ta ta riƙa amsawa kamar ita ce ta Apple. Abin da mai iPhone zai yi bai taka kara ya karya ba: ya saka takardun shaida biyu na ƙarya a wayarsa, ya canza adireshi guda a saitin Wi-Fi. Daga nan duk sanda ya danna saye, saƙon ba ya isa Apple, sabar Borodin ce ke tare shi ta ce an biya. Jama'a suka yi ta ɗibar kaya kyauta, da yawansu ba su ma damu da cewa bayanan asusunsu na bi ta hannun baƙo ba. Apple bai gama toshe kafar ba sai da tsarin iOS 6 ya fito a watan Satumba na wannan shekarar. A ɓangaren Android kuwa, manhajoji irin su Lucky Patcher sukan farke manhajar ne, su sauya layin da ke tambayar ko an biya, ta yadda amsar kullum ita ce e.

Darasin da masu manhaja suka ɗauka shi ne ginshiƙin wannan fanni duka: waya tana hannun mai ita, kuma mai ita na iya zama ɓarawon. Barin ta ta tantance rasit da kanta ajiyar nama ce a wurin kura. Don haka ƙa'ida ita ce waya ta aika rasit zuwa sabar mai manhaja, ita kuma sabar ta tambayi Apple ko Google kai tsaye. Tambayar ba ta tsaya a kan ingancin hatimi ba. Ana duba ko rasit ɗin na wannan manhaja ne, don ana iya kawo rasit na gaskiya da aka samu a wata manhaja mai araha. Ana duba ko kayan da ke rubuce su ne ake nema, da ko cinikin na gaske ne ko na dandalin gwaji da masu ƙira ke amfani da shi ba tare da kuɗi ba. Sannan a buɗe rajista a ga ko lambar cinikin ta taɓa zuwa. Wannan na ƙarshe shi aka fi sakaci da shi. Rasit guda na halal, in babu rajista, yana iya zagaya waya dubu, kowacce ta karɓi kaya da shi. Shi ya sa kasuwannin biyu suka ba da damar ɗaura kowane ciniki a kan lambar asusun wanda ya yi shi. Google ya ƙara da sharaɗin cewa mai manhaja ya tabbatar da karɓar ciniki cikin kwana uku, in ba haka ba a mayar wa mai saye kuɗinsa. Akwai kuma App Attest na Apple da Play Integrity na Google, masu shaida wa sabar ko manhajar da ke magana da ita ta asali ce, a kan wayar da ba a yi wa kutse ba.

Gaɓa ta biyu ta fi wuya, domin a nan rasit na gaske ne, kuɗin ne na sata. A 2018 masu binciken tsaro na kamfanin Kromtech suka ci karo da rumbun bayanan wasu 'yan damfara da aka bari a buɗe. Na'ura ce ke ƙirƙirar asusun Apple da yawa, ta maƙala musu katunan banki na sata, ta sayi kayan wasanni irin su Clash of Clans da Clash Royale, a sayar da su a bayan fage. Ta haka kuɗin haram ke fitowa a wanke. A watan Oktoba na wannan shekara, a ƙasar Sin, aka saci asusun Apple na mutane aka kwashe kuɗi daga manhajojin biyan kuɗi na Alipay da WeChat da suka haɗa da su, har Apple ya nemi afuwa, ya kuma bayyana cewa asusun da abin ya shafa ba su kunna tabbatarwa mai mataki biyu ba. Wannan ne asalin yawancin masu tallar lu'ulu'u ko sulalla a rabin farashi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ranar da mai katin ya ga an ci masa kuɗi ya kai ƙara banki, za a janye kuɗin, kuma asusun wanda ya sayi arahar ne za a rufe.

Gano irin wannan sai da lura da ɗabi'a. Mai wasa na gaskiya yakan yi kwanaki yana wasa kafin ya kashe sisi, kuma yakan fara da ƙaramin abu. Asusun da aka buɗe da ƙarfe biyu na dare, kafin biyu da kwata ya sayi ƙunshi mafi tsada sau shida, ya tura komai ga wani asusu, bai buga ko zagaye ɗaya ba, ya riga ya tona kansa. Haka waya guda da aka gwada kati ashirin a kanta, ko kati na wata ƙasa, asusu na wata, mai danna maɓalli kuma yana ta uku. Na'urar tantancewa takan ba kowace alama maki, ta tara. Maki kaɗan, ciniki ya wuce. Matsakaici, a nemi lambar sirri ko zanen yatsa, ko a jinkirta damar tura kayan ga wani. Mai yawa, a tsayar. Apple ya ce a tsakanin 2020 da 2023 ya tare cinikin da yake zargi na sama da dala biliyan bakwai, ko da yake wannan lissafin kamfanin ne a kan kansa.

Sai dai alamu na yin ƙarya. Matafiyi yana sauya ƙasa, waya ta hannu tana zuwa da tarihin mai ita na farko, kuma a gidaje da yawa waya ɗaya ce ke yi wa mutum biyar aiki. Tsarin da aka horar da bayanan masu saye na Turai da Amurka kaɗai zai riƙa kama mutanen kirki a wuraren da rayuwa ba haka take ba, kuma wanda aka hana shi saye da kuɗinsa na halal da wuya ya dawo. Ma'aunin tsari mai kyau ya haɗa da yawan marasa laifin da ya tare.

Gaɓa ta uku ita ce cin kaya a nemi kuɗi. Mutum ya sayi lu'ulu'u, ya kashe su, ya koma kasuwa ya ce bisa kuskure ne. Shekaru da dama mai manhaja bai ma san wane ne aka mayar wa kuɗi ba, sai dai ya ga giɓi a lissafin wata. Yanzu Google na ba da jerin cinikin da aka soke, Apple kuma tun 2020 yana aika sanarwa duk sanda ya mayar da kuɗi, daga 2021 yakan ba mai manhaja awa 12 ya faɗi ko an riga an ci kayan kafin a yanke hukunci. Mai manhaja na iya zare kayan ko ya rubuta su bashi a kan asusun.

Akwai kuma inda mai sayarwa ne da laifi. A Janairun 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa Apple ya amince da mayar da aƙalla dala miliyan 32.5, saboda da zarar uba ya shigar da kalmar sirri sau ɗaya, ƙofa na zama a buɗe na minti 15 ba tare da an gaya masa ba. Cikin ƙorafe-ƙorafen har da na wata uwa da 'yarta ta kashe dala 2,600 a wasan Tap Pet Hotel. A watan Satumba na wannan shekarar Google ya amince da dala miliyan 19, shi tazararsa minti 30 ce. A Disambar 2022 Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince da mayar da dala miliyan 245 bisa zargin shirya maɓallai yadda taɓawa ɗaya ke zama saye, da rufe asusun waɗanda suka ƙalubalanci cajin a banki. Ban da waɗannan akwai manhajojin gwaji kyauta na kwana uku da ke rikiɗewa su koma cajin mako-mako mai tsada, da manhajar ɓarna ta Joker, mai karanta lambar tabbatarwa a saƙon tes ta yi wa mutum rajistar biya a ɓoye. A Janairun 2020 Google ya ce ya cire manhajoji 1,700 na danginta.

Abin da ya rage a hannun mai saye kaɗan ne amma yana aiki. Ana iya saita kasuwar ta nemi kalmar sirri ko zanen yatsa a kowane ciniki, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa asusun yaro ƙarƙashin Family Link ko Ask to Buy don sai babba ya amince. Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da cajin wata-wata, sai an shiga jerin rajistoci a cikin kasuwar an soke. Wanda kuma ya ga cajin da bai san da shi ba a katinsa daga Google Play yana da kwana 120 daga ranar cinikin ya shigar da ƙorafi.