Kada Gyaran Gini Ya Cinye Mana Kayan Tarihi

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, Gangaren Tudu, Keffi

 

Yau maganarmu a kan kayan gado ne da ke ajiye a zaurukanmu da ɗakunan kakanni: littattafan hannu, wasiƙun ajami, takubba, tambura da manyan riguna. Sau da yawa ba gobara ke hallaka su ba. Ranar da aka tashi sauya rufi ko rushe katanga, a ranar suke salwanta. Magina na jira, sai a kwashe komai cikin gaggawa a jibge a tsakar gida.

Gidajen adana kayan tarihi ba haka suke yi ba. Gidan tarihin Afirka da ke Tabiren a ƙasar Beljiyam, rufe shi aka yi a 2013 domin gyara, aka kwashe kayan zuwa ma'aji, ba a sake buɗewa ba sai 2018. A Ingila kuwa, a 2023 babban gidan tarihin Biritaniya da ke Landan ya sanar cewa kaya wajen 2,000 sun ɓace ko sun lalace, kuma da yawansu ba a rubuta su yadda ya kamata ba. To, jama'a, in gida irin wannan ya yi asara saboda rashin lissafi, ina ga mu?

Don haka kafin a taɓa komai, a sami littafi. Kowane abu a ba shi lamba, a rubuta mai shi da inda aka ɗauko shi, a ɗauki hotonsa, shaidu biyu su sa hannu.

Sannan ɗauri. Takarda ba a naɗe ta, ba a sa ta cikin leda, domin gumi na kawo fumfuna. A shimfiɗe ta tsakanin kwali biyu. Tukunya a tallabo ta daga gindi, ba daga baki ba. Riga a lulluɓe ta da farin ƙyalle mai tsabta.

Wurin ajiya ma abin dubawa ne. Littattafan Timbuktu da aka tserar zuwa Bamako cikin akwatunan ƙarfe a 2012 da 2013, danshi ya zame musu sabuwar barazana. Daminar Keffi kun san ta. A ɗora akwatuna bisa benci, nesa da bango, saboda gara da laima. In da hali, a yi ƙaurar da rani.

A ƙarshe, makulli ya zama biyu, a hannun mutum biyu. Ranar mayar da kaya a sake ƙirgawa da littafin nan, gaban shaidun nan.

Wasiƙa guda ta zamanin Magaji Ɗan Yamusa in ta tafi, babu kasuwar da za mu sayo wata. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.