Abin Da Ke Bayan Ƙofar Madafa

Duk wanda ya taɓa shiga babban gidan cin abinci a nan birnin Landan ya san irin natsuwar da akan tarar: ga fitilu an rage, ga ma'aikata suna ta fara'a. Amma fa bayan wata 'yar ƙofa akwai madafa, inda wuta da wuƙa da agogo ke mulki. A can ne masu shirya majigi suka gane ba sai da bindiga ake tsinka zuciyar mai kallo ba.

Misali shi ne fim ɗin Boiling Point na 2021, wato lokacin da tukunya ke tafasa. Philip Barantini, wanda shi kansa tsohon kuku ne, ya shirya shi a wani gidan abinci na gaskiya a unguwar Dalston, kusa da kasuwar Ridley Road inda mutanenmu ke sayen doya da manja. An ɗauke shi ne a watan Maris na 1920 da ɗari, wato 2020, a tashi ɗaya, wajen minti 90 ba a tsayar da kyamara ba. Saboda haka mai kallo ba ya samun damar numfasawa, kamar yadda masu aikin ba su samu ba.

Stephen Graham ne ya fito a matsayin babban kuku, Andy Jones. Tun da farko duba-gari ya rage darajar gidan daga 5 zuwa 3. Ga bashi ya yi masa katutu, iyali sun watse, ga kwalbar da ake zaton ta ruwa ce, ashe barasa ce. Daga nan aka zuba wa wata mata man da jikinta ba ya ɗauka, sai asibiti. Babu mugu a labarin. Gajiya ce da ɓoye damuwa suka kayar da shi.

Na taɓa wanke kwanuka a irin wannan wuri lokacin da nake jami'a, na kuwa shaida. Ɗaliban da ke shirin zuwa su sani: kuɗin na da amfani, amma rai dangin goro ne, hutu yake so. Wanda abu ya dame shi, ya faɗa tun tukunya ba ta yi bori ba.

Sai wani makon, in Allah ya kai mu.